Tsaron ɗalibai a makarantun Jos: tarihi, dokoki da darussan kare kai

A ƙarshen watan Nuwamban 2025, kwanaki kaɗan bayan 'yan bindiga sun sace ɗalibai mata a garin Maga na Jihar Kebbi, suka kuma kwashe ɗalibai fiye da 200 daga wata makarantar kwana a Papiri ta Jihar Neja, Hukumar Ilimin Bai-ɗaya ta Jihar Filato ta ba da umarnin rufe makarantun da ke ƙarƙashinta a matsayin matakin rigakafi. Ga iyayen da suka daɗe a Jos, wannan umarni bai zo da baƙunta ba. Tun daga 2001 sun saba da ranar da za a ce kowa ya ruga ya ɗauko ɗansa, da makon da dokar hana fita za ta haɗiye jarrabawa.

Rufe makaranta shi ne mataki na ƙarshe, kuma shi ne mafi tsada, domin yaron da aka mayar gida ya tsira daga wani haɗari ne ya faɗa zaman banza. Abin da masana ilimi ke kira hana tashin hankali a makaranta ya ƙunshi duk matakan da ake ɗauka kafin a kai ga nan: tsare harabar makaranta, daidaita halayyar malamai da ɗalibai, buɗe hanyar kai ƙara, da koya wa yaro yadda zai gane haɗari ya kuma nemi taimako. Wannan na ƙarshen shi ne ilimin kare kai.

Yadda rikici ya sauya makarantun birnin

Jos, babban birnin Jihar Filato tun kafuwarta a 1976, gari ne da haƙar kuza ya tara wa jama'a. Afizere, waɗanda Hausawa ke kira Jarawa, da Anaguta da Birom sun zauna tare da Hausawa, Fulani, Yarbawa, Ibo da sauran ƙabilu, kuma sanyin garin da kwanciyar hankalinsa suka sa ya zama matattarar makarantu, na mishan da na gwamnati da na Musulunci. Iyaye daga jihohi masu nisa kan turo 'ya'yansu karatu Jos da Gindiri da Kuru da Vom.

Rikicin da ya ɓarke ranar Juma'a 7 ga Satumban 2001 ya sauya wannan tsari. Ƙungiyar kare haƙƙin ɗan'adam ta Human Rights Watch ta ƙiyasta cewa an kashe mutum fiye da 1,000 cikin kwana shida. Wani rikicin ya biyo bayan zaɓen ƙaramar hukumar Jos ta Arewa a ƙarshen Nuwamban 2008, sai na Janairun 2010, sai kisan Dogo Nahawa a Maris na shekarar, sai bama-baman jajibirin Kirsimeti. A ranar 20 ga Mayun 2014 tagwayen bama-bamai suka hallaka aƙalla mutum 118 a yankin kasuwar Taminus. A Agustan 2021, bayan harin da aka kai wa matafiya a hanyar Rukuba da tarzomar da ta biyo baya, Jami'ar Jos ta dakatar da karatu, gwamnatocin jihohi da dama kuma suka turo motoci suka kwashe ɗalibansu.

Babban tabon da waɗannan shekaru suka bari ga ilimi shi ne rabuwar unguwanni. Bayan kowane rikici, iyalai sun riƙa sayar da gidajensu ko musanya su, suna komawa inda mabiya addininsu suka fi yawa. Unguwar Rogo, Gangare da Rikkos suka zama kusan na Musulmi zalla, Unguwar Rukuba, Kabong da Tudun Wada suka fi karkata ga Kirista. Makaranta kuwa bin unguwa take yi. Uba ba zai yarda ɗansa ya tsallaka iyakar da shi kansa yake tsoron tsallakawa ba, malami ma yakan nemi sauyin wurin aiki idan aka tura shi inda ba ya jin zai dawo lafiya ranar da gari ya yamutse. Sai makarantu masu zaman kansu suka yawaita a cikin lunguna, wasu a gidajen haya da aka mayar ajujuwa. Sakamakon haka, akwai matasa a Jos da suka gama sakandare ba su taɓa zama benci ɗaya da wanda ba addininsu guda ba. Iyayensu sun yi wannan zama, sun ci abincin Sallah da na Kirsimeti a gidajen juna, don haka suna da abin da za su auna jita-jita da shi. Yaran ba su da wannan ma'auni. Duk wani shirin hana tashin hankali a makarantun Jos da bai lura da wannan ba, ya bar jaki yana dukan taiki.

Haɗarin da ke cikin katanga

Harin 'yan bindiga da tarzomar gari su ne ke cika kanun labarai, amma alƙaluma sun nuna cewa yawancin cutarwar da yara ke fuskanta tana zuwa ne daga hannun wanda suka sani. Binciken da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta gudanar a 2014 tare da UNICEF da cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka ya gano cewa yara 6 cikin 10 a Najeriya na fuskantar wani nau'in cin zarafi kafin su cika shekara 18. Kusan rabin yara sun sha duka ko makamancinsa. Yarinya 1 cikin 4 da yaro 1 cikin 10 an ci zarafinsu ta hanyar lalata. Waɗanda suka sami taimako bayan abin ya faru ba su kai kashi 5 cikin 100 ba. Binciken ya kuma nuna cewa a cikin manyan da ba dangi ba, malamai maza ne aka fi ambata a matsayin waɗanda suka fara dukan yaro.

Wannan batu na duka shi ne mafi wuyar tattaunawa, domin da yawa daga cikin iyaye da malamai ba sa ɗaukar bulala a matsayin tashin hankali. A makarantar allo har akwai maganar da ake yi cewa inda bulalar malam ta taɓa wuta ba za ta ci ba, makarantun boko na mishan da na gwamnati kuma sun gaji sandar horo tun zamanin Turawa. Sashe na 55 na tsohon kundin hukunta laifuka na Arewa ya halatta wa uba da malami su hori yaro muddin ba a yi masa mummunan rauni ba. Matsalar ita ce babu wanda ke tsaye da ma'auni lokacin da malami ya fusata a aji mai yara 80. Yaron da ya saba cewa babba na da ikon taɓa jikinsa yadda ya ga dama, kuma kai ƙara rashin kunya ne, shi ne wanda zai yi shiru ranar da wani ya taɓa shi ta hanyar da ta fi duka muni.

Sai cin zalin ɗalibai a junansu, wanda ya fi ƙamari a makarantun kwana, inda siniya kan ƙwace wa ƙarami abinci da kuɗi, ya sa shi wanki da ɗiban ruwa cikin sanyin hunturun Jos, ya hore shi da sunan ladabtarwa. Rahoton UNESCO na 2019 ya nuna cewa kusan ɗalibi 1 cikin 3 a duniya ya fuskanci cin zali aƙalla sau ɗaya a cikin watan da ya gabaci binciken. Wayar hannu ta ƙara wa abin tsawon hannu: zagin da a da yake ƙarewa a bakin ƙofar makaranta yanzu yana bin yaro har ɗakinsa ta WhatsApp da Facebook da TikTok, a wasu lokuta har da barazanar yaɗa hotunan tsiraici idan ba a biya kuɗi ba.

A Jos ta Arewa akwai ƙarin damuwa game da 'yan Sara-Suka, gungun matasan da ke faɗa da juna da wuƙaƙe da adduna, suna ƙwacen waya, waɗanda da dama cikinsu shekarunsu na 'yan sakandare ne. Shan ƙwaya na tafiya tare da wannan ɗabi'a. Yaron da aka kora daga makaranta ba tare da an tanadar masa wata mafita ba, galibi a irin wannan majalisa yake samun masauki.

Dokoki da manufofi

Najeriya ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara a 1991, ta kuma kafa Dokar Haƙƙin Yara a 2003. Filato na cikin jihohin Arewa na farko da suka mayar da ita dokar jiha, a 2005. Dokar ta ayyana yaro a matsayin wanda bai kai shekara 18 ba, ta haramta cutar da shi a jiki ko a tunani, ta kuma tanadi ɗaurin rai-da-rai ga wanda ya yi lalata da yaro. A 2015 aka ƙara da dokar tarayya ta haramta cin zarafin mutane da kuma dokar laifukan intanet. A Satumban shekarar ne Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shekarar yaƙi da cin zarafin yara, Filato kuma ta kasance cikin jihohin farko da suka ƙaddamar da nasu gangamin.

Ɓangaren kare makarantu daga hari ya samo asali ne daga sace ɗalibai 276 a Chibok ranar 14 ga Afrilun 2014. Wata guda bayan haka aka ƙaddamar da shirin tsaron makarantu a Abuja, bisa jagorancin tsohon Firaministan Birtaniya Gordon Brown. A Mayun 2015 ƙasashe suka amince da Yarjejeniyar Tsaron Makarantu a birnin Oslo, wadda ta nemi a kare ɗalibai da malamai lokacin rikici, a kuma taƙaita amfani da makarantu a matsayin sansanin soja. Najeriya ta tabbatar da ita a 2019, ta karɓi baƙuncin taro na huɗu a kanta a Abuja a Oktoban 2021. A wannan shekarar Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta fitar da manufar ƙasa kan tsaro da kawar da tashin hankali a makarantu, tare da mafi ƙarancin ƙa'idojin da kowace makaranta za ta cika. A Disamban 2022 aka gabatar da tsarin kashe kusan naira biliyan 144.8 tsakanin 2023 zuwa 2026, aka kuma buɗe cibiyar daidaita ayyukan tsaron makarantu a hedikwatar hukumar Sibil Difens a 2023.

Takardu dai sun wadata. Aiwatarwa ce ke jan ƙafa. Wani rahoto da UNICEF ta fitar a Afrilun 2024 ya nuna cewa kashi 37 cikin 100 kacal na makarantun da aka duba a jihohi 10 ke da tsarin gargaɗin gaggawa na gano barazana kafin ta iso.

Abin da ake koya wa yaro

A manhajar ilimin bai-ɗaya da aka fara aiki da ita a 2014, an sanya ilimin tsaro a matsayin darasi cikin rukunin addini da ɗabi'un ƙasa, an kuma samar da manhajar ilimin zaman iyali da ƙanjamau a 2003. Sai dai darasin da aka rubuta a allo aka haddace don jarrabawa ba shi ne ke ceton yaro ba. Ilimin kare kai aiki ne na gwaji da maimaitawa, kamar koyon alwala ko tuƙin keke.

Ga yaran firamare, tushen darasin shi ne mallakar jiki. Ana koya wa yaro cewa wuraren da tufafin ciki ke rufewa nasa ne shi kaɗai, babu wanda ke da ikon taɓawa ko kallo sai don tsafta ko magani, kuma a gaban uwa ko wanda ke kula da shi. Ana koya masa ya ce a'a da ƙarfi, ya bar wurin, ya faɗa wa babba, kuma idan na farko bai saurara ba ya faɗa wa na biyu. Ana nuna masa bambanci tsakanin sirrin da ke faranta rai, kamar ɓoye kyautar da za a ba wani, da sirrin da ke sa tsoro, wanda dole a faɗa ko da an yi masa barazana. Wannan yana cin karo da tarbiyyar kunya da girmama na gaba, don haka malamin da ya iya aikinsa yakan bi ta cikin tarbiyyar ne: suturce al'aura da kare mutunci abubuwa ne da Musulunci da Kiristanci duk suka koyar, kuma babban da ya nemi yaro ya keta su ya zubar da girmansa da kansa.

Tsohon gargaɗin nan na kada a bi baƙo yana da amfani, amma bai isa ba. Kisan wata yarinya 'yar shekara 5 a Kano, wadda aka sace a Disamban 2021, kotu kuma ta yanke wa mai makarantar da take karatu hukuncin kisa a Yulin 2022, ya nuna cewa wanda yaro ya sani ya kuma amince da shi na iya zama mai cutar da shi. Shi ya sa ƙa'idar da ta fi inganci ita ce kada yaro ya bi kowa, sananne ko baƙo, sai da sanin iyayensa, makaranta kuma ta riƙe sunayen waɗanda aka yarda su ɗauki kowane ɗalibi. Yaro ya haddace cikakken sunansa, unguwarsu, lambar wayar uwa ko uba, da lambar kiran gaggawa ta ƙasa, 112.

A Jos akwai darasin da ba lallai a same shi a littattafan wasu garuruwa ba: abin da za a yi idan gari ya rikice ana cikin aji. Abin da ya fi faruwa shi ne jita-jita ta iso, iyaye su yi dafifi a bakin ƙofa, yara su watse kan titi, alhali titi ne wuri mafi haɗari a wannan sa'a. Makarantar da ta shirya tana da ƙararrawa ta musamman da kowa ya san ma'anarta, wurin taruwa, rajistar kiran suna, malamin da aka ɗora wa alhakin tuntuɓar jami'an tsaro da mai unguwa, da hanyar sanar da iyaye gaba ɗaya. Tana kuma gwada wannan tsari sau da dama a shekara, domin a san lokacin da ya kamata a kulle ƙofa a zauna da lokacin da ya kamata a fice.

Ga matasa, darasin yakan koma kan sarrafa fushi, ƙin biye wa abokai, gane dabarar mai yaudara da kyauta ko alkawarin maki, illar ƙwaya, da tantance labari kafin a tura shi gaba. A garin da hoto guda na ƙarya kan iya tayar da unguwa, wannan na ƙarshen darasin tsaro ne kai tsaye.

Kulob ɗin zaman lafiya

Yawancin aikin haɗa yaran da unguwanni suka raba ƙungiyoyi ne suka ɗauke shi. Kulob ɗin zaman lafiya, inda ɗalibai ke haɗuwa bayan tashi su koyi sasanta rigima ta hanyar muhawara da wasan kwaikwayo da ƙwallo, sun yaɗu a makarantun jihar ta hannun ƙungiyoyi irin su CEPAN da EPRT, da shirin NSRP da Birtaniya ta ɗauki nauyinsa daga 2012 zuwa 2017. Cibiyar tattaunawa da sulhu ta DREP, wadda Babban Bishop Ignatius Kaigama ya assasa, da cibiyar nazarin rikici da zaman lafiya ta Jami'ar Jos sun kasance wuraren horarwa da bincike. A 2016 gwamnatin Simon Lalong ta kafa Hukumar Samar da Zaman Lafiya ta Jihar Filato. Raunin irin waɗannan kulob sananne ne: da yawa kan dushe idan kuɗin masu tallafi ya ƙare ko aka sauya wa malamin da ke riƙe da su wurin aiki.

Abin da bincike ya nuna

An gwada wasu shirye-shirye a Afirka ta hanyar kimiyya. A gundumar Luwero ta Yuganda an raba makarantun firamare 42 gida biyu, aka aiwatar da shirin ƙungiyar Raising Voices a rabi na tsawon wata 18. Sakamakon da aka wallafa a 2015 ya nuna raguwar kashi 42 cikin 100 a dukan da ma'aikatan makaranta ke yi wa yara. Shirin bai tsaya kan hana bulala ba. Ya koya wa malamai wasu hanyoyin ladabtarwa, ya kafa kwamitin ɗalibai da akwatin ƙorafi, ya kuma jawo iyaye ciki. A unguwannin talakawa na Nairobi, horon makonni shida da aka ba 'yan mata kan gane haɗari, ƙin amincewa da murya mai ƙarfi da kare kai ya rage yawan fyaɗe, aka kuma haɗa da darasi ga samari kan mutunta mata da kai ɗauki. Abin da waɗannan gwaje-gwaje suka yi tarayya a kai shi ne lacca guda a filin taron safe ba ta sauya komai, kuma ba a ɗora wa yaro shi kaɗai nauyin tsaron kansa.

Ginin ma abin tsaro ne

Ranar Juma'a 12 ga Yulin 2024 benen makarantar Saint Academy da ke Busa Buji a Jos ta Arewa ya rufta ana tsakiyar jarrabawa. Mutum 22 suka mutu, fiye da 130 suka jikkata. Babu ɗan bindiga a wannan lamari, amma ya shiga lissafin tsaron makarantu, domin ƙa'idojin 2021 sun haɗa da ingancin gini, hanyoyin fita da shirin tunkarar bala'i. Haka nan kududdufan da haƙar kuza ya bari a kewayen Jos da Bukuru, da cunkoson yara a keken haya, abubuwa ne da ya kamata makaranta ta ja kunne a kansu.

Uban da ke son sanin matsayin makarantar ɗansa na iya tambayar takardar rajistarta da ta amincewa da gininta, wanda ake kai wa ƙara idan malami ne ya yi laifi, da ranar da aka yi gwajin fita na ƙarshe. Kwamitin kula da makaranta da ƙungiyar iyaye da malamai su ne wuraren da ake gabatar da irin waɗannan tambayoyi. Idan kuwa an riga an cutar da yaro, asibiti ne farko, cikin gaggawa kuma kafin a yi masa wanka idan lalata ce, domin maganin kariya daga ƙanjamau yana aiki ne idan an fara shi cikin sa'o'i 72. Daga nan sai 'yan sanda, Sibil Difens, hukumar NAPTIP, Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Ƙasa, ko ma'aikatar harkokin mata ta jiha.